Abin Sallar Yara Huɗu a Banifandu

A shekarar da kogin Isa ya ƙafe har yara suka riƙa tsallaka shi da ƙafa a ƙarƙashin gadar Yamai, azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. A wannan azumin ne Malama Halimatu ta sami kanta da aikin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi aure, wato zaɓa wa yara abin Sallah.

Ba maganar ɗinki ake yi ba, wannan tun kafin wata ya kama ta kai wa tela yadi. Ana maganar ɗan abin nan ne da mijinta Abdulaye ya saba ajiye wa kowane yaro a kan tabarma da safen idi, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Shi ya kawo al'adar gidan, shi kuma ya iya ta, domin mutum ne mai kunne. Yaro zai ambaci abu sau ɗaya tun watan Rajab, ya manta da shi, sai ya gan shi ranar Sallah. To, bana Abdulaye ba ya nan. Gwamnatin soja ta kwashi ma'aikata daga biro-biro, wato ofisoshi, ta tura su arewa rabon hatsi, shi aka jefa shi Tanut, wata na biyar ke nan. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce kada a sa ran ganinsa, domin wanda ya bar bakin aikinsa a irin wannan lokaci ya san abin da zai tarar. Ya kuma roƙe ta kada ta bari yara su tashi su ga tabarma wayam.

Ga shi yaran sun zama huɗu. Nata biyu ne: Kabiru, ɗan shekara goma sha shida da ke lise, wato sakandare, da Rabi mai shekara takwas. Sauran biyun 'ya'yan yayanta Lawali ne, Hamsatu mai goma sha huɗu da ƙanenta Tanimu mai shida. Ubansu ya kora 'yan shanun da suka rage masa ya nufi kudu, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uwarsu Ramatu ta tsaya ƙauye da jinjiri a baya da tsohuwarta wadda ba ta iya tafiya. Abdulaye ne da kansa ya ɗora yaran a kamyon hatsi, wato babbar mota, da zai koma Yamai wofi. Ranar da suka sauka unguwar Banifandu, Halimatu ta kama hannun Hamsatu, yatsunta biyu suka zagaye damtsen yarinyar har da saura. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗora tukunya.

Na Rabi bai ba ta wahala ba. Ba wanda bai sani ba a unguwar, har mai sayar da gawayi, cewa Rabi 'yar tsana take so, irin ta roba mai rufe ido idan an kwantar da ita. Sauran ukun ne suka tsaya wa Halimatu a rai. Shekara goma sha takwas tana koyarwa a lakwal, tana iya gane yaron da bai karya kumallo ba tun daga bakin ƙofar aji, amma ta zauna da kaye, littafin rubutunta, da alƙalami ta rubuta sunaye uku, ta rasa abin da za ta sa a gabansu.

Ranar Alhamis da ba a zuwa lakwal ta ɗauki Rabi da Tanimu suka tafi kasuwar Wadata, inda 'yan kasuwa suka koma tun da babbar kasuwa ta ƙone. Kasuwar ta cika, amma masu kallo sun fi masu saye. A gefen hanya mata daga arewa suna zaune da tabarmi da munduwaye da 'yan akwatunan fata, kayan da kowa ya san ba don sayarwa aka yi su ba. Halimatu ta ja mayafi ta wuce da sauri, kunya na cin ta, kamar 'yar tsanar da za ta saya laifi ce.

Mai kayan wasan wani dattijon Bazabarme ne mai fara'a. "Fofo, Madam," in ji shi, sannan ya juya Hausa. "Yarinya ta riga ta zaɓa, na ga idonta. Saurayi fa? Ga mota, ga jirgi, ga bindiga. Bana duk yara bindiga suke so, kowa kaftin ne."

Ya ɗauki bindigar ya danna, ta yi ƙara tana tartsatsi. Tanimu ya ɓuya bayan zanen Halimatu. Aka tura masa mota a ƙasa, ya bi ta da ido har ta tsaya, bai motsa ba. Halimatu ta durƙusa.

"Tanimu, duba da kyau. Duk abin da ranka ke so, nuna wa Gwaggo."

Yaron ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya saki zanenta, ya wuce teburin kayan wasan gaba ɗaya, ya tsaya gaban rumfar da ke maƙwabtaka, inda ake sayar da bokitai da butoci. Ya ɗaga hannu ya nuna wata gorar ruwa ta roba, koriya, mai murfi da igiyar ratayawa.

Rabi ta fashe da dariya. "Wannan ai ba abin wasa ba ne! Mama, ki ce masa ba abin wasa ba ne."

"Yi mana shiru," in ji Halimatu. Ta sauko da gorar ta ba shi. Ya buɗe murfin, ya leƙa ciki, ya rufe, ya kife ta ya girgiza.

"Ba ta zuba?" Ita ce magana ta farko da ya yi tun fitowarsu daga gida.

"Ba ta zuba."

"Tawa ce ni kaɗai?"

"Taka ce."

Dattijon mai kayan wasa, wanda ciniki ya wuce shi zuwa rumfar maƙwabci, bai ji haushi ba. Ya naɗe 'yar tsanar Rabi, ya ce a hankali, "Yaron daga ina ne?" Ta ce masa daga bayan Tanut. Ya girgiza kai, ya ciro wani ɗan usur na roba ya ɗaura a igiyar gorar, ya ce wannan kyautarsa ce ga yaron, kada ta yi magana. Gorar dai ba ta kai safen Sallah a naɗe ba. Tanimu ya rataya ta tun daga kasuwa, ba wanda ya iya raba shi da ita, kuma Halimatu ba ta gwada ba.

Kafin su bar kasuwar ta saya wa Hamsatu takalmi mai ɗan tudu da 'yan kunne, irin waɗanda take gani a jikin 'yan matan unguwa. Kabiru kuwa ta saya masa ƙwallo ta fata, ɗinkin hannu, mai kyan gaske. Ta tuna yadda yake dawowa da ƙafafu futu-futu da ƙasa daga fili, uban na yi masa faɗa yana dariya. Ta koma gida da jin cewa ta sauke nauyi.

Ta gargaɗi Rabi da ta riƙe bakinta. Rabi ta riƙe shi har zuwa la'asar.

Halimatu na zaune a inuwar rumfa tana tsince wake sai Kabiru ya zo ya tsaya daga nesa kaɗan, kamar yadda ya saba. Ɗan fari ne, kuma ita tarbiyyar Damagaram ta samu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama hira da shi ba, duk da bokon da ta yi. Tana son shi har cikin ƙashinta, amma tsakaninsu sai "kai" da "na'am". Duk wata magana mai tsawo ta hannun uban take bi.

"Mama, Rabi ta ce kin saya mini ƙwallo."

"Bakin Rabi ai sai Allah."

"Na gode. Allah ya ƙara arziki." Ya murza yatsan ƙafa a ƙasa. "Sai dai na bar ƙwallo tun bara waccan. Tun da na gurɗe gwiwa."

Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta tuna gurɗewar, ita ce ma ta dafa ruwan gashi. Amma ba ta lura ba cewa tun daga lokacin bai sake komawa fili ba. Shekara biyu yaro na fita yana shigowa a gabanta.

"To, me kake so?" ta tambaya, idonta a kan faifai.

"Ba komai. Wallahi ba komai, Mama. Ba don wannan na zo ba." Ya waiwaya ya ga ba kowa a tsakar gida, ya rage murya. "Maganar Hamsatu ce. Kin san kullum in ta je ɗebo ruwa tana daɗewa?"

"Layin famfo ne."

"Ba layi ba ne kaɗai. Shagon Amadu mai foto take tsayawa, tana kallon hotunan da ya manna a gilashi. Shekaranjiya ta tambaye ni wai in an ɗauki mutum, kamanninsa na ranar ne ke fitowa ko na dā. Na ce na ranar. Ta ce kuma in an sa hoton a mota har Tanut, rana ba ta goge shi? Na ce ba ta gogewa."

Halimatu ta ɗago ta dubi ɗanta sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Gashin baki ya fara yi masa duhu a leɓe, kafaɗunsa sun buɗe, kuma tsayuwar tasa ta ubansa ce sak, har da karkatar da kai idan yana sauraro. Ta mayar da ido kan wake.

"Na ji," in ji ta. "Je ka."

Hamsatu yarinya ce da ba ta taɓa cewa tana so ko ba ta so. In an ba ta, ta durƙusa ta ce ta gode. In an manta da ita, ta yi shiru. Tun asuba take kama tsintsiya, kuma sai Halimatu ta yi da gaske take ajiye aiki. Ta dage sai ta yi azumi, duk da an ce mata jikinta bai gama dawowa ba. Washegari da yamma suna madafa su biyu, Hamsatu na dama kunun shan ruwa, Halimatu na suyar ƙosai, sai Halimatu ta ce kamar da wasa:

"Direban da ya kawo ku zai koma Tanut bayan Sallah da kwana uku. In kina da saƙo wurin innarki, ki faɗa mini in rubuta."

Muciyar ta rage gudu. "Inna ba ta karatu, Gwaggo."

"Sai Malam ya karanta mata."

"Ai ko an karanta mata ba za ta yarda ba." Hamsatu ta yi maganar tana kallon tukunya. "Ranar da za mu taho ta ce da ni, duk wanda ya tafi, lafiya lau ake cewa yana yi. Haka aka ce mata game da ƙanwarta da ta tafi Agadas, ashe an yi wata biyu da binne ta. Ta ce ita yanzu sai abin da idonta ya gani."

Mai ya yi ƙara a kasko. Halimatu ta kwashe ƙosan da ya soyu, ta zuba wani.

"Da za ta ga Tanimu yanzu," in ji Hamsatu, "da kumatunsa. Da ta ci abinci. Na san ba ta ci, tsohuwa take ba wa."

"Ke fa? Ba kya so ta gan ki?"

Yarinyar ta sa gefen zane ta share fuska, ta ce hayaƙi ne. Halimatu ta ce lallai itacen nan ɗanye ne, duk da ta san a shekarar ba a samun ɗanyen itace ko na magani.

"Ranar Sallah bayan an sauko idi za mu je wurin Amadu," in ji ta. "Ke da Tanimu, da sabon ɗinki. Wannan shi ne abin Sallarki. Akwai takalmi ma, amma wannan don ƙafa ne kawai."

Hamsatu ta saki muciya ta durƙusa za ta yi godiyar da ta saba. Ta kifa kai a gwiwar gwaggonta. Ƙosan da ke kasko ya ƙone, aka sha ruwa da shi haka nan, Rabi na ta ƙorafi.

Saura Kabiru. Kwana uku Halimatu na juya abin. Ta yi tunanin agogo, ta yi tunanin rediyo, ta ga duk harbi ne a duhu irin na ƙwallon. Ana jajibir tana share zaure ta ɗaga tsohon bargon da aka lulluɓe mobilet, ɗan babur ɗin Abdulaye, da shi. Ta yi mamakin ganin ba ƙura a jikinsa ko kaɗan. Sarƙar na ƙyalli da sabon mai, tayoyin cike da iska. Wata biyar mai shi ba ya nan, kuma makullin na cikin akwatinta, domin Abdulaye ya ce kada kowa ya hau. Ke nan akwai wanda ke zuwa ya goge shi, ya shafa masa mai, ya mayar da bargo, bai taɓa tambayar makulli ba.

Da safen Sallah aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Rabi ta yage jaridarta da ihu duk da ta san abin da ke ciki. Ƙwallon aka ba Tanimu a kan gorarsa, ya rungume ta da hannu biyu, ya rasa yadda zai yi da ita. Hamsatu ta sa takalmi ta yi taku uku ta kusa faɗuwa, ta yi dariya mai sauti, wadda ba a taɓa ji ba a gidan. Ƙunshin Kabiru ɗan ƙarami ne, bai kai akwatin ashana ba. Ya buɗe, ya ga makulli, ya tsaya.

"Baba ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Ni zan yi masa bayani." Ta gyara ɗankwalin Rabi don kada ta dube shi. "Gida ba ya zama ba mai kai yara idi. Ka ɗauki Tanimu. Takardun na cikin aljihun sirdi, in jandarma ya tsayar da kai ka sauka ka gaishe shi, kada ka yi gardama. Ban da gudu. Esans kuma, man da ke ciki ke nan, in ya ƙare ka tura."

"Na'am, Mama."

Ya fitar da mobilet ɗin waje, ya taka sau biyu ya tashi. Ya ɗora Tanimu a baya, ya nuna masa inda zai riƙe. Halimatu ta tsaya a bakin zaure tana kallonsu har suka sha kwana, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Shagon Amadu ya cika da 'yan Sallah, sai da suka jira har rana ta take. A bango akwai labule mai zanen gidan sama da itatuwan kwakwa, ga tukunyar furen roba. Amadu ya so ya zaunar da Hamsatu a kujera ya ba ta fure ta riƙe, ta ƙi. Ta ce a tsaye take so, a ga tsawonta duka. Ta naɗe hannun rigar Tanimu har kafaɗa don damtsensa ya fito, ta juya fuskarsa wajen haske.

"Ki yi murmushi mana, 'yammata," in ji Amadu.

"In na yi murmushi kumatuna za su fito?"

"Sosai ma."

Ta yi. Aka wanke guda biyu, ɗaya ya tafi da direba cikin ambulan tare da wasiƙar Halimatu zuwa ga Abdulaye, ɗaya Hamsatu ta sa a ƙasan kwallar kayanta.

Amsa ba ta zo ba sai bayan mako biyar, lokacin ruwa ya fara sauka. Kabiru ne ya karɓo wasiƙar daga tasha. Halimatu ta karanta a ranta tukuna, yara na tsaye a kanta, sannan ta zauna ta karanta musu da ƙarfi, ban da wurin da Abdulaye ya yi mata ɗan faɗa a kan mobilet.

Ya ce bai sami Ramatu a ƙauye ba, garin ya watse. Sai da ya yi kwana tara yana tambaya kafin ya gan ta a layin rabon hatsi a wani sansani kusa da Tanut. Tsohuwa ta rasu tun tsakiyar azumi. Jinjirin yana nan da rai, ya fara rarrafe. Na Lawali har yanzu ba labari. Ya ce da ya miƙa mata hoton ta karɓa a juye, ya gyara mata. Ta gane Tanimu nan take, amma ta tambaye shi wace ce wannan budurwar da ke riƙe da ɗanta. Da ya faɗa mata, sai ta fita daga layin, ta zauna a ƙasa, ta yi ta kallo. Matan da ke wurin suka riƙa karɓa hannu-hannu, har sai da ta tashi ta ƙwato abinta. Ya ce an ba ta iri, tana shirin komawa gona tare da mutanen garinsu, kuma ta ce a bar yaran a Yamai har a ga abin da damina za ta yi.

Aka yi wa tsohuwa addu'a. Hamsatu ta yi kuka, domin tsohuwar ce ta yi renonta. Da ta natsu ta matso kusa da Halimatu, ta dubi takardar da ba ta iya karantawa.

"Gwaggo, ina wurin da ta ce wace ce wannan?"

Halimatu ta ɗora yatsa a kan layin.

"Sake karanta mini."

Ta sake karantawa. Hamsatu ta bi yatsan da ido daga farkon layin har ƙarshe, sannan ta tambaya ko idan aka koma lakwal akwai ajin da ake karɓar manya kamarta. Halimatu ta ce babu, amma akwai allo a zaure da alli a jakarta, kuma bakans, hutun lakwal, ya yi saura wata biyu. Ta ce gobe bayan an karya kumallo su fara.